Ranar da Yaya Ta Karɓi Fassara

A gidanmu na unguwar Ogui, can Kudu, ni ce mai fassara. Umma ba ta jin Turanci sai ɗan wanda take ciniki da shi wurin masu doya, amma ta ƙwallafa rai a kan wani dogon fim na Turawa da aka tura mini a filashi. Labarin wani gida ne na 'yan daba masu sa kwat, waɗanda ke riƙe da tashar jiragen ruwa a wani gari mai sanyi. Tsoho ne da 'ya'yansa, suna cin abinci a teburi ɗaya, suna yi wa juna murmushi, kowa da wuƙarsa a zuci. Da la'asar, in yaran maƙwabta suka yi ihun an kawo wuta, sai Umma ta jawo tabarma ta ce, "Auta, zo ki ba ni labarin mutanena."

Fassarar tawa mai kunya ce. In mutum ya zuba ashar, sai in ce ya yi masa faɗa. In mace da namiji suka matso kusa, sai in tura gaba, Umma ta shiga duba farcenta. Kuma ina ƙara gishiri, don ina son magana mai daɗi. Wata rana na ce babban ɗan ya ce zuciyarsa ta zama rijiyar da aka daina ɗiba.

"Wannan ƙaton ne ya faɗi haka," in ji Umma, "ko ke?"

A damina Yaya ta zo daga Onitsha, wai hutu na 'yan kwanaki. Mijinta yana sayar da albasa da tattasai a Kasuwar Relief, shi da babban wanmu, rumfa ɗaya, mota ɗaya ke kawo musu kaya daga Arewa. Ta nan ma aka san juna har aka yi auren, kuma ita ta ce tana so. Amma wannan zuwan ba ta iya zama wuri ɗaya. Ta share tsakar gida, ta sake sharewa. Ta ɗora ruwa a wuta ta manta abin da za ta yi da shi. Ko a ɗaki ba ta cire hijabi, ga zafi kamar a tukunya. In babur ɗin okada ya tsaya a ƙofar gida sai ta miƙe tsaye. Rashin natsuwar ya shafe ni, har na kasa karatu. In buɗe littafi, in ji idona yana bin ta.

Ranar Asabar za ta koma. Umma har ta fara ƙulla mata kuka da daddawa.

Ranar Alhamis muka zo wurin da aka gano ƙaramin ɗan tsohon yana kai wa 'yan sanda rahoto. Wansa ya ɗauke shi a mota wai za su duba kaya a bakin ruwa, ya dawo shi kaɗai, ya wanke hannu ya zauna cin abinci. Umma ta yi salati a hankali.

"Ciki ɗaya fa," ta ce. "Allah Ya raba mu da gani."

Sai aka nuna 'yar tsohon, wadda ke auren wani yaron gidan, tana tsaye a kicin da uwarta. Ta yi magana gajera: ta gaji, tana son ta kwana a nan yau. Na buɗe baki ke nan, Yaya da ke tsaye a bakin ƙofa ta riga ni.

"Ta ce mijinta yana dukanta."

Umma ba ta juyo ba. Yaya ta yi sakandare kamar ni, ta ji abin da na ji. Na dube ta, idonta yana kan talabijin.

"Ta ce ba yau aka fara ba. Ta ce yakan bari sai ya ci abinci tukuna. Sai ya sa sakata, ya fita ya tayar da janareto don kada maƙwabta su ji."

Matar cikin fim ta riga ta rufe baki, tana wanke kofi. Ruwan famfo kawai ake ji. Yaya ta ci gaba, muryarta a daidaice, irin ta mai karanta labarai.

"Ta ce ta gaya wa wanta. Har ta nuna masa bayanta. Ya ce ta rufa masa asiri, kada ta ɓata musu rumfa, kada tsohon ya ji."

Hannun Umma ya tsaya a cikin farantin wake da take tsincewa. Garin nan na cikin fim mun shafe makonni muna kallonsa, ba mu taɓa ganin an ɗauke wuta ba, kuma 'yan kwat ɗin ba su da rumfa. Umma ta san haka. Ta juyo gare ni, ba ga Yaya ba.

"Auta, haka ta ce?"

Zan iya cewa a'a, Yaya ce ba ta ji daidai ba, mu tura gaba kamar yadda muka saba, a ƙulla daddawa, Asabar ta zo.

"Haka ta ce, Umma."

Umma ta daɗe tana kallon farar matar nan mai wanke kofi. Sannan ta yi mata magana, kai tsaye, kamar tana zaune a tabarmarmu.

"To ku gaya mata ɗakinta yana nan, ba a zuba kaya a ciki ba. Ku gaya mata tsohon zai ji, kuma daga bakina zai ji. Ba ita za ta faɗa ba."

Yaya ta zame ta zauna a ƙasa, nan bakin ƙofa. Karon farko ke nan da na ga ta zauna ba ta shirin tashi.

Baba ya dawo daga mayanka gab da magariba, Umma ta bi shi ɗaki da buta, ta turo ƙofa. Na yi ta kai da kawowa tsakanin murhu da igiyar shanya, ina kwashe kayan da ba su bushe ba. Can sai ya fito. Ya tsaya a kan Yaya, ya ce, "Uwata, kin ci abinci?" Ta girgiza kai. Ya ce a zuba mata tare da nasa.

Asabar da safe wanmu ya kira, yana tambaya wace mota ta hau, don mijin ya tare ta a tasha. Baba ne ya karɓi wayar daga hannun Umma.

"Ba ta hau ba," ya ce. "Kai ne za ka hau. Ka rufe rumfar ka zo."