Ƙasar sawun mai haƙar rijiya

Ban taɓa mantawa da ranar da wata mata daga wajen Tajaye ta ajiye mini ƙullin ƙasa a kan teburin burona, wato ofishina, ba, kuma ba na jin zan manta har in koma ga Allah. Ku da kuka zo aiki bayana kun sha tambayata dalilin da ya sa na daina yanke magana a shirin labarai. Wasunku har cewa suke tsufa ne ya sa mini tsoro. To ku gyara zama ku ji. Kai ma Sa'adu daina murmushi, ai kana wurin, kai ne a kan na'ura.

Shekara biyu ne kafin in ajiye aiki. A gidan rediyonmu na nan Konni ina da shiri na rabin awa kowace Alhamis bayan la'asar. Masu sauraro ke rubuto gajerun labarai, yawanci a takardar kaye, littafin rubutun nan na ƴan lakwal, wato ƴan makaranta, su ba direba ko ɗan kabu-kabu ya ajiye wurin mai gadi. Labaran aljanu da ƴan ruwa da tsuntsaye masu magana sun fi yawa, kuma da wuya ka ga wanda babu soyayya a ciki. Tsarin aikin shi ne, wannan makon in karanta labari, mako mai zuwa a buɗe layi mutane su faɗi yadda suka fahimce shi. Minti uku na ƙarshe nawa ne, in faɗi abin da labarin yake nufi. Shi muke kira yanke magana. Ƴan cin rani kuwa, akwai masu naɗar shirin a waya su tura musu har bakin teku.

Shugabar shirye-shirye a lokacin Madam Zainabu ce, ita ke duba duk abin da zai fita. Dokarta ɗaya: "Malam Haruna, kada ka bar mutane a rataye. Kafin su kashe rediyo su san wa ke da gaskiya." Ba zan ɗora mata laifi ba, don ni ma ina son wurin nan ƙwarai. In na bi ta tasha na ji ana gardama, wani ya ce "ai Malam Haruna ya faɗa", sai in ji kaina ya ƙara girma.

Bayan girbi wani labari ya zo, shafi uku, rubutu ƙanana a tsare, babu suna sai "wata baiwar Allah". Labarin wani mai haƙar rijiya ne. Yana haƙa a jeji, ya kai gaba goma sha biyu bai ga ruwa ba, sai ƙasa ta buɗe ya faɗa wani gari da ke can ƙarƙashi, inda rana ke fitowa daga yamma, fararen shanu suna kiwo a bisa ruwa. Wata budurwa ta yi jinyar karayarsa har ya warke, aka aura masa ita. Matan garin ba sa yi wa mazansu magana da baki, sai dai miji ya duba abin da matarsa ke yi ya gane. Da shekara ta zagayo ya ce zai hau ya dubo mahaifiyarsa, don ya san rumbunta ya ƙare. Ranar tafiya matar ba ta yi kuka ba, ba ta raka shi bakin igiya ba. Sai da ya ba da baya ta durƙusa, ta kwashi ƙasar sawun ƙafarsa ta dama, ta ƙulle a bakin zanenta, ta shige ɗaki. Nan labarin ya tsaya.

Ni kam tun ina karantawa na riga na gama shari'a. A cikin gari na tashi, kuma abin da na sani tun ina yaro shi ne, in an ce an ɗauki sawun mutum, to wurin boka za a kai.

Alhamis ta biyu aka buɗe layi. Tambayar da na jefa ita ce: matar nan tana son mijinta ko ba ta so? Wata mata daga Tsarnawa ta ce tana sonsa mana, wa zai yi jinyar wanda ba ya so? Samari biyu daga Malbaza suka ce sammu ne tsagwaronsa. Wani direba ya ce aljana ce, a bar ta da halinta, muka yi dariya. Na biyar wani tsoho ne, layinsa na ƙara, Hausarsa da nauyin Tamajak, harshen Buzaye. Ya gaishe ni, ya tambayi iyali, ya tambayi gajiya, ya tambayi sanyi. Ina duban agogon bango, saura minti huɗu. Sai can ya ce, "To Malam, mu wurinmu, in mutum za shi tahiya..." Na ɗaga hannu na yi wa Sa'adu alama ta cikin gilashi, ya sauke layin. Na ce wa jama'a, "Ayya, layin Baba ya yanke." Ƙarya na yi, minti ukuna nake karewa.

Sannan na yanke magana, kuma har yau ina iya maimaita ta. Na ce, "Jama'a, kada mu yaudari kanmu. Macen da ke son mijinta takan raka shi ƙofa ta yi masa addu'a. Wadda ta bari sai ya juya baya ta ɗebi sawunsa, ɗaure shi take son yi, ko ya dawo dole ko ya lalace a can. Wannan ba so ba ne, mugunta ce." Na fito ina jin daɗin kaina. Madam ma ta ce shirin ya yi armashi.

Bayan kamar mako uku, ranar kasuwa da hantsi, mai gadi ya ce wata mata na sallama da ni. Ba za ta wuce ashirin da biyar ba, da shuɗin lulluɓi, ƙafafunta duk ƙurar hanya. Na nuna mata kujera, ta zauna a ƙasa. Ta ce sunanta Fatimatu. Ta ciro wani kaye ta buɗe mini wurin da aka yage shafi uku, na ga rubutun na gane shi.

Na ce, "A'a, ashe ke ce marubuciyarmu! Sannu ɗiyata, labarinki ya tada gari."

Ta ce, "Baba, an sake ni."

Na tashi na tura ƙofar buro, na ce ta faɗa mini daga farko.

Mijinta mai haƙar rijiya ne, ɗan gidan manoma. Ita kuma dangin mahaifiyarta Buzaye ne makiyaya. Ta ce a gidansu, in wanda kake so zai yi tafiya mai nisa, ba a raka shi, ba a yi masa kuka, don kada ya tafi da nauyin zuciya. Sai ya ba da baya a ɗebi ƙasar sawunsa na dama a ƙulle a ɓoye. Ranar da ya dawo a zuba ta a bakin ƙofa ya taka ya shiga. Kuma ba a faɗin dalili da baki muddin matafiyi na hanya. Haka ta ga mahaifiyarta na yi wa mahaifinta kowace shekara, haka ita ma ta yi da mijinta zai tafi cin rani. Sai ƙanwar mijin ta hango ta. Da mijin ya isa can ciwo ya kwantar da shi, aiki ya ƙi samuwa, gida kuwa aka fara ƙus-ƙus. Babu wanda ya tare ta ya tambaye ta. Ba ta da waya, in ya kira ta wayar wansa yake kira, gida duka a zagaye, ita kuma gaban surukai abin da ke iya fita bakinta bai wuce "lahiya lau" ba.

Ta ce, "Shina sauraren shirinka, Baba, bai taɓa bari ya wuce shi ba. Nac ce in ya ji zai gane mu ne. In shi bai gane abin da niy yi ba, kai za ka gane, tunda kai ka san komi."

Ya kuwa gane su ne. Washegarin shirin ya aiko wa wansa saƙon murya, ya ce dā yana shakka, amma yanzu har Malam Haruna ya faɗa. Ya sake ta saki ɗaya.

Sai ta ci gaba. Ta ce, "Tsohon da kunka ce layinshi ya yanke, kawuna ne. Kwana biyu ina roƙonshi. Aron waya yay yi, ya hau tudu wurin da aka samun rezo, inda waya ka kamawa. Ya ce shi bai ji ta yanke ba, yana ta bayani har ya ƙare, ya sauko yana murna ya gyara mini aure."

Na ce, "Ɗiyata, layin bai yanke ba. Ni na sa aka yanke shi." Ta ɗago ta dube ni, karo na farko tun shigowarta. Ba ta zage ni ba, da ma ta zage ni. Cewa ta yi, "To."

Sai ta kwance bakin zanenta ta ciro ɗan ƙulli a tsumma, bai kai ƙwan zabo ba, ta ɗora a kan teburina. Ta ce ba a zuba ta sai a ƙofar da ya fita, ita kuma an fitar da ita daga gidan. Ba za ta iya jefar da ita a jeji ba. In kuma ta riƙe, za a ce tana nan tana aiki da ita. "Ka aje wurinka, Baba. In Allah ya maido shi, ka ba shi." Na roƙi lambarsa. Ta rubuta mini har da sunansa a takarda, don ba ta faɗinsa da baki: Alhasan.

Na shiga wurin Madam Zainabu na faɗa mata komi, har da ƙaryar layi. Ta cire tabarau ta goge ido. Ta ce, "Alhamis mai zuwa shirin duka naka ne. Ka gyara. Amma kada ka ambaci sunanta ko garinsu, abin da ya same ta ya isa." Muka nemo kawun ta waya, wannan karon mu muka kira shi. Ya yi gaisuwarsa duka, na amsa duka, ya yi bayanin al'adar tiryan-tiryan. Bayansa wasu tsofaffi mata biyu suka kira daga wajen Illela suka ce su ma haka suka tarar. Ni kuma na ce wa jama'a na yi kuskure, na yi magana a kan abin da ban sani ba, na kuma yanke wanda ya sani.

Na ɗauka shi ke nan an gyara. Ka ji wauta! Bayan kwana biyu na kira Alhasan. Yaro mai ladabi, muryarsa duk ta shaƙe da ciwo. Na ce masa ni ne na ɓata, ya dubi Allah ya maida matarsa tun idda ba ta cika ba.

Ya ce, "Malam, na ji na biyun. Amma na farkon gaban duniya kaf faɗe shi. Abokaina da muke ɗaki guda sun ji, innata ta ji. Yanzu in na maida ta, cewa za a yi sawun ne yaj ja ni."

Na ce, "Bar ta mutane, kai me zuciyarka ta ce?"

Ya ce, "Kullum ita nika tunani, Malam. Amma yanzu in zuciyata ta ce in koma, ban sani ba ko ni ne, ko ƙasar ce." Sai ya fashe da kuka ya kashe wayar.

Na sake kira sau da dama, wani lokaci ya ɗauka mu gaisa, wani lokaci ya ƙi. Daga baya lambar ta daina shiga. Idda ta cika. Damina ta sauka, ƴan cin rani suka dawo, shi bai dawo ba. Fatimatu ta koma wurin dangin mahaifiyarta, ban ƙara ganinta ba. Abin yana cina har yanzu, ba zan ɓoye muku ba.

Tun daga nan na roƙi Madam a cire minti ukuna a ba masu kira, ta yarda. Abin da nake so ku riƙe shi ne, mutanenmu ba kasafai suke rubuto labarin aljanu don aljanu ba. Wanda kunya ta hana shi magana a tsakar gida, shi ne ke yage takardar kaye ya sa maganar a bakin ƴar ruwa. In kuka ga mace ko namiji a cikin labari sun yi abin da ba ku gane ba, ku ce ba ku gane ba, ba a korar mutum daga aiki don wannan. Ku tambayi wanda ya fito daga inda labarin ya fito. In tsoho ya kira yana ta gaisuwa, ku bar shi ya gama, ko da labaran ƙarfe biyar za su makara.

Ƙullin yana nan a burona na dā, cikin aljihun tebur na ƙasa, wanda ke cijewa in an ja. Da zan tafi na so in kai shi gida, sai na tuna nan ta kawo shi, nan kuma zai nema in ya zo. Ku gaya wa mai shara kada ta zubar. In wata rana wani mutum ya yi sallama ya ce sunansa Alhasan, mai haƙar rijiya, ku ba shi. Ku ce masa a bakin ƙofa ake zubawa, ya taka da ƙafar dama.