Akawun Ɗan Takara

Tun ɗan takara yana ƙaramin lauya, a wani ofis mai ɗaki biyu a saman shagon taya, Akawu yake buga masa takardu. Shekara ashirin da bakwai ke nan. Da tafreta ya fara, daga baya ya koyi kwamfuta da yatsa biyu. Matarsa, kafin ta rasu, takan tsokane shi ta ce ita ta aure shi, amma lauya ke morarsa.

Da maigidan ya fito neman shugabancin ƙasa, aka ba Akawu tebur a ƙarƙashin bene a hedkwatar kamfen. Shi ya buga takardun shaidar wakilan jam'iyya, waɗanda sai da su ake barin wakili ya tsaya a rumfar zaɓe. Ya zuba su kwali-kwali, kowanne da sunan yankinsa. Kwali huɗu na ƙarshe, ƙanin ɗan takara ne ya ce a sa masa a but ɗin motarsa, ai hanyarsa ce. Akawu da kansa ya ɗora su.

Suka faɗi zaɓe, faɗuwa mai nisa. Bayan kwana uku daraktan kamfen ya tara ma'aikata, ya ce rumfa ɗari shida ba su da wakili ko ɗaya, don takardu ba su kai ba. Kowa a ɗakin ya san ko sun kai ba za su cike ratar ba, amma an gaji, ana neman wanda za a nuna da yatsa.

"Akawu, wa ya haɗa takardun?" in ji darakta.

"Ni ne, ranka ya daɗe."

"Wa ya fitar da su daga ginin nan?"

Akawu ya dubi ƙanin. Yana gefen yayansa, kai a sunkuye, yana ta latsa waya. Ya dubi maigidansa, ya ga a kwana ukun nan har wuyan rigarsa ya yi masa yawa.

"Da hannuna na fitar da su," ya ce.

Kafin sati ya zagayo, magana ta zama wai saye shi aka yi. Masu gadin da kullum suke karɓar masa jaka suka ce an hana shi shiga. Wayarsa, wadda a da ba ta hutawa, sai ta wuni a kan tebur ko motsi ba ta yi.

'Yarsa, ma'aikaciyar jinya, ta zo daga asibiti ko kayan aiki ba ta cire ba.

"Baba, ka faɗi wanda ka ba mana. Ni ma fa a wurin aiki kallona ake yi."

"Mutumin nan ya rasa ƙasa guda, 'yar nan. In ƙara masa da ƙaninsa?"

"Shi ya tambaye ka abin da ka rasa?"



Wata guda bai cika ba darakta ya koma jam'iyyar da ta ci. Akawu ya kafa tebur a bakin kotu, yana buga wa mutane takardun ƙorafi. A nan, wata rana da hantsi, ɗan takara ya same shi, ba rakiya, ba jiniya. Ya zauna a bencin masu jira.

"Na ga kwalayen," ya ce. "A garejin gidanmu. Tun kafin taron nan na gan su."

Akawu ya cire tabarau yana gogewa. Ashe maigidan ya sani. Yana zaune aka yi, ya sani.

"Tsohuwarmu ba lafiya, Akawu. Da ta ji, da ban san yadda za ta kasance ba."

"Allah ya ba ta lafiya, ranka ya daɗe."

Maigidan ya ɗan ƙara zama, kamar mai jiran a ce masa ba komai. Akawu ya nemi kalmar a bakinsa, bai same ta ba. Suka yi sallama, ya bi shi da ido har ya sha kwana.

Da yamma 'yarsa ta kira, ta tambaye shi ya aiki, ko an samu mutane yau.

"Mutum ɗaya ne," ya ce, "shi ma ba takarda ya kawo ba."