Halilu Mai Kilishi da Gwiwar Yayarsa

Da sunan Allah. Rubuta, Adawiyya, yadda na faɗa, ban da gyara. Ƙungiyar masu kilishi ta unguwarmu Briqueterie ta ce za ta tara tarihin dattawanta, aka ce ni Kaltuma zan ba da na kawunki Halilu, tunda ni na goye shi. To sun jawo wa kansu, don rabin tarihin nawa ne.

A nan unguwar aka haifi Halilu, bayan babban masallaci. Babanmu mahauci ne. Tun Halilu bai kai tsayin teburin yanka ba yake bin sa kasuwar Etoudi sayen shanu. Boko bai zauna masa ba, aji uku ya yi ya dawo. Amma ba shi wuƙa da cinyar sa, zai feɗe miki ita falle-falle har ki hango mutum ta cikin naman. A shanya a kan gadon kara, a tsoma a labu, wannan kwaɓin tunkuza da yaji, a sake shanyawa, sannan a nuna wa garwashi. Duk aikin a hannun rana yake. In ruwa ya taɓa nama bayan an sa labu, sai innalillahi.

Nan na shigo. Shekarar da na haife ki na zame a bakin famfo, gwiwata ta hagu ta bugu. Tun daga nan, in za a yi ruwa sai ta kwana tana sara. Halilu ya gano. Kowace safiya kafin ya shanya sai ya leƙo.

"Yaya, me gwiwa ta ce?"

"Allah ne masani," in ce, "amma kada ka shanya."

Shekara ashirin da huɗu muna haka. Maƙwabtansa ma suka kama aikowa. Kowa ya sauke kilishi sai ya turo min gutsure a takarda. Ina cewa Allah ne masani, ina kuma miƙa hannu. Ban da haƙoran kirki, amma kilishin unguwar nan babu wanda ban tsotsa ba.

Sai yanayi ya rikice. Ruwa ya zo a watan da ba nasa ba, rana ta fito a watan ruwa. A rediyo kullum musu, wasu su ce hayaƙin Turawa ne, wasu su ce mu ne da gawayinmu. Bara mai unguwa ya kira taro a ƙofar gidansa. Wani ya zo daga gwamnati da taye, da wata madam daga wani banki. Na gwamnati ya ce masu shanya abinci su kafa rumfa mai rufin da haske ke ratsawa. Madam ta ce bankinsu zai taimaka, amma yanzu an tsananta musu doka, sai mai asusu da katin shaida da takardar sana'a.

Wuri ya kaure. Ɗanmalam mai tsire ya ce, "Madam, akuyar da na yanka jiya ma sai ta kawo katinta?" Wani ya ce gwamnati ta fara gyara kwata tukuna. Wani malamin makaranta ya ce gaskiya suka faɗa, aka ce masa ya zauna, shi da alli yake shanyawa.

Halilu ya miƙe. Mutum ne da ba ya magana a taro, ranar ya yi.

"Ranka ya daɗe, meteyo ɗinku na rediyo, mai faɗin yanayi, sau nawa ya ce rana aka yi ruwa? Mu muna da namu. Ga ta can zaune."

Duk aka juyo. Ina cikin mata a baya, kaina ya yi girma kamar tukunyar biki. Maimakon in sunkuyar da kai, wallahi sai na dafa gwiwar na ɗan yamutsa fuska, don baƙi su ga kayan aiki. Aka yi tafi. Madam ta tattara takardunta.

Yanzu ga abin da babu wanda ya sani a wurin. Ke kin sani, daina dariya ki rubuta. Wata biyu kafin taron kika kawo min ƙwayoyi da man shafawa daga farmasin da kike aiki a unguwar Messa. Na sha, na shafa. Gwiwa ta yi shiru. Na koma yin sujada a ƙasa kamar kowa, bayan shekaru ina sallah a kan kujera. Na gode wa Allah a ɗaki, a waje kuma na ci gaba da ɗingishi. In Halilu ya tambaya sai in saci kallon sama ta taga in ba shi amsa. Ina tsoron ranar da za a wuce ƙofata ba a leƙo ba. Da kilishin ma, kada in yi ƙarya.

A watan Janairu wata hajiya daga unguwar Madagascar ta ba shi aikin bikin ɗanta, sa guda cur. Bai taɓa samun aiki irinsa ba. Ya je Etoudi da kansa, ya zaɓo, suka wuni biyu suna feɗewa. Ranar shanya ta biyu, bayan an sa labu, ya leƙo.

"Yaya, rediyo sun ce wai ruwa. A Janairu! Me gwiwa ta ce?"

Gwiwa ba ta ce komai ba, rabonta da magana wata biyar. Na kalli sama, tas. Na ce, "Shanya abinka."

Ya shanya duka, ya tafi masallacin Juma'a da mutanensa.

Liman na cikin huɗuba sama ta yi baƙi. Ni da Jaratu matar Halilu muka fita a guje. Kin ji, a guje! Gurguwar shekara ashirin da huɗu ta tsallake kwata biyu, ta riga Jaratu isa. Mun kwashe abin da ya kwasu, amma ruwa ya riga mu. Labu na bin hanya ja wur. Muna tsaye jiƙe sharkaf masallata suka fito. Halilu bai kalli naman ba. Ƙafata yake kallo, na tsaya a kanta ƙyam da tire a ka.

"Yaya," ya ce, "yaushe kika warke?"

A gaban mutane na faɗa masa komai, har da kilishin. Ɗanmalam ya ce, "Ashe meteyo ɗinmu ta sha magani!" Halilu bai yi dariya ba. Ya ce, "Alhamdulillahi da kika samu lafiya. Ɗauki wancan tiren."

Rabin naman ya tsira, ya gasa shi nan take. Sauran muka dafa, muka daka, muka soya dambu, ni na riƙe taɓarya har la'asar sakaliya. Ya je da kansa ya gaya wa hajiya gaskiya. Ta karɓa, ta kuma ce ba za ta ƙara ba shi aiki ba. Ba ta ƙara ba.

Sati uku yana zirga-zirgar takardun banki, mutumin da ya ƙi aji huɗu. Yanzu rumfar tana nan a bayan shagonsa, shi ne na farko a layinsu. Har yau yana cewa dokar bankin ta yi tsauri, kuma gwamnati ba ta gyara kwata ba.

Sauran masu kilishi sun daina aikowa, haƙƙinsu ne, na bi su gida-gida na nemi yafiya. Halilu kaɗai ke leƙowa da safe, da ɗan ƙunshinsa.

"Yaya, me gwiwa ta ce?"

"Ta ce ka kunna rediyo."

Rufe littafin, Adawiyya, an kira sallah. Ki miƙo min man nan kafin ki fita.