Ɗakin da Inna ta ce na zar ne

Shekarun baya, tun ƙasar nan ba ta birkice ba, ina tuƙin raksha tsakanin ƙauyenmu da garin Wad Haddad. Ga 'yan uwa na nesa da ke karanta ni, raksha ita ce keken nan mai ƙafa uku. Da ita nake riƙe gida, don mahaifinmu ya rasu, 'yar gonar audugar da ya bari kuma ba ta kai mu ko'ina. Mu uku ne a gidan: ni, mahaifiyata, da ƙanena.

Ƙanena a lokacin ya haura ashirin, har gemu ya tsiro masa, amma bai taɓa furta kalma ba. Ba ya taɓa kowa, kansa yake cuta. In hayaniya ta yi yawa, ko zafi ya tsananta, ko wani abin da mu ba mu gani ba ya dame shi, sai ya nufi bango ya yi ta buga goshi, gum, gum, har maƙwabta su jiyo. Likita a birnin Madani ya gaya mana ƙarara cewa idonsa na hagu ya fara taɓuwa saboda bugun nan, in aka ci gaba a haka zai rasa shi. Ya ba mu ƙwayoyi. Suka riƙa kwantar da shi yini guda yana dalalar da miyau, Inna ta tattara su ta zuba a masai.

Wata rana na ɗauko wata Balarabiya da kwalaye, na kai ta wani gini a bayan makaranta. A hanya hira ta kai mu kan ƙanena. Ta ce ita malama ce ta masu irin larurarsa, kowa ustaza yake ce mata, kuma wata ƙungiyar agaji ta buɗe musu ɗaki na musamman. Ta ce in shigo in gani.

Na tuɓe takalmi na shiga, na tsaya kamar an dasa ni. Ɗaki ne mai duhu-duhu, da sanyi. Katifu farare a ƙasa, katifu a jikin bango. A kusurwa ga wani dogon bututun gilashi cike da ruwa, kumfa na hawa, launinsa na juyawa daga ja zuwa kore zuwa shuɗi. Ga wasu zarurruka masu haske sun zubo kamar jelar doki. Ga lilo. Ga wani allo an manna masa soso, buroshi, marafan kwalba, tarkace dai irin wanda Inna ke sharewa ta zubar. Wani ƙamshi na tashi, wani kiɗa na fitowa a hankali daga inda ban gani ba.

Na ce, "Ustaza, ina likitan?"

Ta ce babu likita.

"Allura fa?"

Babu.

"To karatu ake koya musu?"

Ta yi dariya ta ce a'a. Ta yi mini dogon bayani a kan gani da ji da taɓawa da shaƙa, cewa masu irin larurar ƙanena duniya na yi musu ihu ta kowace ƙofa, a nan kuma ana rage mata murya. Na riƙa gyaɗa kai ina "kwayyis, kwayyis", wato da kyau, wallahi ko rabi ban kama ba. Da na tambayi nawa ake biya, ta ce ko sisi. Wasu mutane ne a wata ƙasa mai nisa suka tara kuɗi.

Nan kaina ya ƙara kullewa. Asibitin ƙauyenmu rufinsa na yoyo. Mutane na shan ruwan da jakuna ke sha. A ce wasu bayin Allah da ba su taɓa ganinmu ba sun zauna sun yi shawara, abin da suka ga ya fi dacewa shi ne ƙanena ya zo ya kalli kumfa? Na gaya mata haka, don ni bakina ba ya ajiye magana. Ta ce ita ma ta san rufin na yoyo, amma kuɗin don wannan aka aiko su. Ta ƙara da cewa wurin kaɗan ne, masu nema da yawa, in muna so mu kawo shi kafin mako ya fita.

Na koma gida da murnata, na tarar da Inna tana tuya kisira, gurasar dawa ta nan. Na tsuguna na fara bayani, kuma a nan na tafka wautar da har yau in na tuna sai na rufe fuska.

Na ce, "Inna, ɗaki ne mai duhu. Sai an tuɓe takalmi ake shiga."

Ta ce, "Uhm."

"Akwai turare, akwai kiɗa a hankali. Ga launuka, ja, kore, suna canzawa. Wata mata ce ke kula da wurin. Shi kuma in ya shiga ba a hana shi komai, abin da ransa ke so shi zai yi."

Inna ta ajiye abin tuyar. Ta dube ni tun daga sama har ƙasa.

"Mi kac ce? Ja?"

"E, ja, da kore..."

"Da turare, da kiɗi, da mace mai gida. Kai, ni za ka kawo wa zar cikin gida ka sa mishi rigar boko?"

Zar shi ne abin da mutanen ƙasar Hausa ke kira bori. Ni sam hankalina bai kai can ba, amma da ta faɗa, na sake jera maganata a zuci, na ga babu kalma guda da ta kauce. Na ce, "Inna, ba shi ba ne! Kyauta ne ma." Ta ce su ma ranar farko ba su karɓar komai. Na ce babu yanka. Ta ce, "Za a zo wurin. Ba a fara maganar rago tun daga bakin ƙofa."

Tsoronta yana da tushe. Ƙanena na ƙarami, gwaggonmu ta taɓa sace jiki ta kai shi gidan zar ba da sanin kowa ba. Aka dawo da shi yana warin hayaƙi, da jinin dabba a goshi, ya kwana biyu yana karkarwa. Mahaifinmu ya daina cin abincin gidan gwaggon na wani lokaci. Tun ranar Inna ta yi rantsuwa ɗanta ba zai sake taka ɗakin turare da kiɗa ba, sai dai bayan ranta.

Na yi ta ƙoƙarin gyara bayanin, kullum ina ƙara ɓata shi. Na ce ai na'ura ce ke kiɗan, ta ce aljanun zamani ke nan. Na ce wasu na shiga suna ihu su fito shiru, ta tafa hannu ta ce, "To mi ya rage?" Abin kunya, har ni na fara kokwanto. Ina tuƙi ina tambayar kaina, anya ba zar ɗin Turawa ba ne? Tun da ni ma in aka ritsa ni in faɗi abin da ɗakin ke yi, ban sani ba. Na tuntuɓi limaminmu, ya saurare ni da kyau, ya ce shi abin da bai gani ba ba ya ce masa halal ko haram, kuma ƙafarsa na ciwo.

Mako na gab da fita aka yi wani irin zafi, ga biki a maƙwabta an kafa lasifika tun hantsi. Ƙanena ya fasa goshi. Jini ya rufe masa idon nan na hagu. Ina wanke masa na kasa riƙe bakina, na ce, "Inna, in idon ga ya tafi, me za mu ce mun yi?" Washegari da safe na ganta ta yafa mayafinta na zuwa ta'aziyya, carbi a hannu.

"Tada keken. Ni za ni shiga in gani da idona. Shi kau ba shi shiga, waje zai tsaya tare da kai."

Ustaza ta tarbe mu da fara'a, "Marhaba, ya Hajja." Inna ko murmushi. Ni na tsaya a bakin ƙofa riƙe da ƙanena, ina yi musu tafinta. Ta yi bisimilla, ta shiga da ƙafar dama, ta bi kusurwa-kusurwa tana karatu tana tofi. Ta ce ina gangar? Ustaza ta nuna mata wata 'yar na'ura kamar sabulu, ta danna, kiɗan ya mutu. Ta ce ina kaskon turaren? Aka miƙa mata 'yar kwalba, ta shinshina, ta yamutsa fuska ta ce wannan ai lemun tsami ne. Ta ɗaga katifa ta leƙa ƙarƙashi tana neman jini. Ta ƙwanƙwasa bututun ruwan, ta tambaya ko akwai mai zama a ciki. Ustaza ta dube ni, ni kuma na dubi ƙasa.

Ina can ina jin kunya, ƙanena ya fizge hannunsa daga nawa. Sabon wuri ne, baƙin fuska, ga zafin hanya, abin ya riga ya taso masa. Ya kutsa ɗakin yana gurnani, ya nufi bango kai tsaye, ya ja kai baya.

Ban taɓa ganin tsohuwa ta yi irin wannan saurin ba. Kafin in motsa ta isa, ta miƙa hannu za ta sa tsakanin goshinsa da bangon. Ustaza ta riƙe ta a hankali ta ce, "Bar shi, ya Hajja."

Ya buga. Babu ƙara. Katifar ta lotsa ta dawo. Ya tsaya, ya dubi bangon. Ya sake bugawa da ƙarfi. Shiru. Ya sa yatsa ya danna wurin, ya juyo ya dube mu, kuma wallahi a fuskarsa na ga irin ruɗewar da na yi mako guda ina fama da ita. Sai ya jingina goshin a jiki, ya bar shi nan. Can ya zame ya zauna kusa da bututun ruwan, yana bin kumfa da ido.

Inna na tsaye, hannunta a miƙe yadda ta kai shi, ba ta san inda za ta ajiye shi ba. Hasken ya juya shuɗi ya faɗa a kan hannun nata. Bayan hannun ya yi baƙi ya yi kanta, 'yan yatsu biyu sun karkace. Na sha ganin hannun nan yana tuya yana wanki, a zatona aikin gona ne ya mai da shi haka. Ashe tsakanin goshin ƙanena da bango ya zama haka. Na fita waje na yi kuka a bayan raksha, wani mai jaki na kallona.

Da muka fito ta ce, "Ni dai har yanzu ban gane ko mi ne ne wanga ba. In zar ne, Allah Ya gafarta mini. Wace rana ake dawowa?"

Mun yi ta kai shi har lokacin da zama ya gagari kowa. Bai warke ba, bai yi magana ba, bugun kan ma bai daina gaba ɗaya ba. Amma ya ragu sosai, kuma idon yana nan yana gani da shi. Na gwada kwaikwayon abin a gida, na kafa tsohuwar katifa a bango, na sayo fitilun biki masu walƙiya. Mutumin naku ya dube su, ya zagaya ya samu bangon da babu katifa. Don haka kada wani ya tambaye ni sirrin ɗakin. Har gobe ban san sunansa da Hausa ba, kuma har gobe ina ganin da an gyara rufin asibitin nan ma da an kyauta.

Abu guda ne ya warware mini, shi ma ba ni na gano ba. Wata ranar Inna ta sa ni in tambayi ustaza, su waɗanda suka tara kuɗin, su wane ne, me ya haɗa su da mu? Ustaza ta ce ba ta san su ba, amma an gaya mata da yawansu iyaye ne, suna da irin ƙanena a gidajensu.

Na juya wa Inna maganar da Hausa. Ta juya ta kalli ɗanta a kan lilo. Sannan ta ce, "Allah sarki. Ashe su ma sun san bango."