Shekarar da Ban Ba Baffa Goro Ba

A gidanmu da goro ake ɗaukar ma'aikaci. In ruwan shuka ya sauka, washegari bayan sallar asuba sai ka tarar da mutum biyar ko shida a ƙofar zaure, kowa da fartanyarsa a kafaɗa, ba wanda ya aika musu. Baba zai fito ya kwance ganyen goro ya miƙa wa kowa ɗaya. Wanda ya karɓa ya zama ɗan aikin gandunmu ke nan har kaka. Yana da kuɗin yini, yana da fura da tuwo a gona, in an yi girbi kuma yana da damin gero. Ba a taɓa faɗin wannan da baki ba, amma kowa ya sani.

A cikinsu akwai wanda muke kira Baffa, ko da yake ba mu haɗa jini ba. Sa'an Baba ne, tare aka yi musu kaciya. Gonarsa ta gado, bayan an raba ta tsakanin 'yan'uwa bakwai, ba ta fi tsakar gidanmu da komai ba, don haka da damin gandunmu yake cike gurbin shekara. Ban taɓa jin Baba ya ce masa yi sauri ba. Shi Baba kunyar farko yake ɗauka da kansa, Baffa ya ɗauki ta biyu, sauran kuwa kunya ce ke hana su zama a baya.

Sannu a hankali mutanen ƙofar zaure suka ragu. Wasu sun rasu, wasu gwiwa ta ƙi. 'Ya'yansu ba wanda ya gaji fartanya: wannan yana tuƙa a-daidaita-sahu a birni, wancan ya yi kudu. Ana cikin haka shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da Baba, gona ta dawo hannuna, ni malamin firamare da ya fi sanin alli a kan garma. Ranar da ya miƙa mini ragamar, da karkataccen bakinsa, abu ɗaya ya roƙe ni.

"Kada ka raba Baffanka da gonar nan."

Na ce to.

Damina ɗaya na iya riƙe alkawarin. Ni mutum ne mai gajen haƙuri, ban ɓoye ba. In na taso daga makaranta na biya gona, sai in ga Baffa ya miƙe sau uku a kunya ɗaya yana dafe ƙugu, ciyawar da ya nome shekaranjiya har ta soma ɗago kai a bayansa. Raina ya riƙa ɓaci, ina cewa a zuci wannan ai ba noma ba ne, hira ce da ƙasa.

Da bazara wani abokin aikina ya nuna mini bidiyo a waya. Samari huɗu ne goye da tankin feshi suna ratsa wata shinkafa, ga kiɗa a ƙasa, ga lambar waya tana yawo. Na kira. Shugabansu bai fi sa'an ɗaliban da na yaye shekarun baya kaɗan ba.

"Malam, mu ba ma yini, jinga muke yi," in ji shi. "Abincin gona ma ka hutar da Hajiya, ba ma ci. In mun gama ka turo kuɗin ta waya, shi ke nan."

Wallahi maganar ta yi mini daɗi. Na ji na gamu da 'yan zamani irina.

Da ruwan shuka ya sauka, Baffa kaɗai na tarar a ƙofar zaure. Ban sayi goro ba, kuma da gangan na ƙi saye. Na naɗe kuɗi na cusa masa a hannu, na ce, "Baffa, bana ka huta."

Ya buɗe tafin hannunsa ya duba. "Wannan na wane aiki ne?"

"Ba na aiki ba ne, Baffa."

Ya daɗe yana kallona. Sannan ya ajiye kuɗin a kan dakali, ya ɗora dutse a kai don kada iska ta kwashe, ya ce in gaida mai jiki, ya juya. A lokacin haushi ma na ji, na ce tsoho da girman kai. Sai daga baya na gane abin da na yi: mutumin da ya shekara hamsin yana zuwa ƙofar nan da guminsa, na mayar da shi mai karɓar sadaka.

Ni da 'ya'yana muka yi shuka. Kamar yadda kowa ke yi a wajenmu, inda ƙasa ta yi wa mutane kaɗan, muka bi tsakanin geron da wake da gyaɗa, Inna ta sa yakuwarta da kuɓewa a gefe. Da ciyawa ta taso samarin suka iso kan babura biyu. Na ce zan zagaya da su, shugaban ya yi dariya.

"Malam, je ka ajinka. Mu ba a tsaya mana a kai."

Daga bakin gona suka hangi gero, suka haɗa maganin da ke ƙyale gero ya ƙone duk wani mai faɗin ganye. A gonakin da suka koyi aiki, abu ɗaya ake shukawa. Ni kuwa bai taɓa zo mini a rai ba cewa akwai ɗan ƙasar nan da sai an gaya masa akwai wake a ƙarƙashin gero. Kafin a tashi tara a makaranta sun gama. Bayan kwana huɗu waken ya nannaɗe, gyaɗar ta yi baƙi, yakuwar Inna ta kwanta. Na kira shugaban ina faɗa, ya bari na gama, ya ce, "Ai ba ka faɗa ba. Ciyawa ta mutu ko ba ta mutu ba?"

Ta mutu.

Asarar ba ta dame ni kamar yammacin kowace rana ba. In na shiga gaida Baba, tambayarsa ɗaya ce: ina Baffanka ya kai? Sai in ce sun kai gindin ɗorawa, gobe in ce sun wuce tsohuwar rijiya. Sati uku ina nome masa gona da baki.

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci Baffa ya yi sallama, ya zo duba abokinsa. Na bi shi ɗakin. Suka gaisa, Baba ya ce, "Ya aikin?"

Baffa ya dube ni sau ɗaya, ya kau da kai.

"Ai bana ban iya ba," ya ce. "Ƙarfi ya ƙare. Yaron nan ya yi ta roƙona, na ce ya nemi masu jini a jika. Ni na hana shi gaya maka, kada hankalinka ya tashi."

Hawaye ya gangaro ta gefen fuskar Baba da ba ya motsi. Ya ce, "Ashe mun tsufa." Ni kuwa ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige.

Na raka Baffa zaure, na durƙusa, na ce ya yafe mini ya dawo, ko girbi ne mu yi tare.

"Na sayar da fartanyar da garmar ran kasuwar Ɗanbatta," ya ce. "Ɗan ƙanwata ya samo mini gadi a birni, wani gida da ake ginawa. Jibi zan tafi." Ya zura takalmansa. "Ka sake shuka wake kafin ruwa ya ɗauke. Nemi gajeren nan mai saurin nuna, kana da kamar kwana goma."

Mutumin da bai taɓa yin sati a wajen ƙauyenmu ba ke nan. Bai ga wata daminar ba. Zazzaɓi ya kama shi a ɗakin gadin, aka binne shi can cikin mutanen da ba su san shi ba, mu kuma labari bai iso mu ba sai bayan kwana uku.

Na sake shuka waken, ya kuma yi. Baba ya ƙara shekara biyu a duniya, kuma har ya koma ga Allah, duk wanda ya zo dubiya sai ya gaya masa yadda na riƙe masa amana.