Bawa Maginin Rijiya da Motar Laraba

A Tsafe in ka tambayi tsofaffi labarin Bawa maginin rijiya, sai su ce, "Wai mai ƙaiƙayin ƙafa?" Mutumin Maraɗi ne, can ƙasar Nijar da Faransa ke mulka, gajere mai faɗin kafaɗa, wanda ko tuwo a tsaye yake ci. A 1954 ya baro gida da abokai huɗu, za su Makka ta ƙasa. Da suka yada zango a Gusau, abokan suka kama dako a tashar jirgi, shi kuwa ya ce guzurin lahira zai nema. Ya gina rijiya a Bungudu don Allah, ya wuce Tsafe ya soma wata, a unguwar da mata ke fita neman ruwa tun asuba, ba su dawowa sai rana ta take.

Wata biyu yana haƙa. A zurfin gaba tara ya iske dutse shimfiɗe kamar faifai. Ran nan kuma saƙo ya zo: gobe Laraba bayan azahar motar da za ta ɗauko abokansa za ta biyo ta Tsafe. Wanda bai hau ba, sai ya bi hanyar Sudan shi kaɗai.

Da sassafe ya jibga itace a kan dutsen, ya cinna wuta. Ya ɗaure kayansa, ya kwance, ya sake ɗaurewa. Ya leƙa rijiya, ya leƙa titi. Inna Lantana, tsohuwar da ta sauke shi a gidanta, ta kawo masa fura.

"Zauna ka sha, Bawa. Ka ishe ni da kai-komo kamar kaza mai neman wurin ƙwai."

"Inna, in na zauna motar ta wuce fa?"

"Motar da ake jin tarinta tun daga Kwatarkwashi?"

Dabarar fasa dutse ita ce, in ya yi ja, a sheƙa masa ruwa lokaci guda. Ruwa kuwa shi ne abin da babu. Inna ta tare matan da ke dawowa daga rafi, ta ce Bawa ya ce a zuba. Suka dubi juna, suka dubi tulunansu. Tulu goma sha huɗu suka juye cikin busasshen rami, saboda maganar baƙo. Dutsen ya yi ƙara kamar bindiga, hayaƙi da tururi suka turnuƙe.

Sai jira. Magini ba ya shiga sai ya zura fitila da igiya. In ta mutu, shi ma haka zai yi. Bawa ya zura sau uku, sau uku tana mutuwa a gaba shida. Ana cikin haka motar ta iso.

Yari, babban tafiyarsu, ya leƙo daga saman buhuna. "Bawa, hawo mu tahi."

"Iskar ba ta gyaru ba, sai gobe."

"Direban nan ba kawunka ba ne. Bar wa masu gari su ƙarasa."

"Manoma ne, Yari. In sun sa diga inda bai dace ba, ramin ya zama kabari."

Ya jefa ƙullinsa cikin motar, ya ɗora ƙafa a kan taya. Inna ta ce, "Tahi, ɗan nan, ba mu riƙe ka ba. Makka ta fi Tsafe."

Da zaginsa ta yi, da ya tafi. Ya waiwaya, ga tuluna goma sha huɗu a kife, ga masu su suna gyara gammo za su koma rafi cikin wannan rana.

Ya sauke ƙafa. "Miƙo mani kayana. Ku jira ni a Kano."

"Ba mu jiran kowa, ka sani."

"Na sani."

Ran Lahadi ruwa ya ɓullo. Bawa bai tsaya shan godiya ba, da la'asar ya kama hanyar Funtuwa da ƙafa. Bai cim ma abokansa ba. Bayan shekara biyu wani alhaji daga Bungudu ya ce ya gan shi a Sudan, ko teku bai kai ba, kansa kawai ake hange a bakin wani rami, yana faɗa da mai jan guga wai yana ɓata masa lokaci.