Motar Baba Mai Tozo

Akwai wata ranar Lahadi da na ƙaryata mahaifina a gaban baƙo, a kan abin da ya fi ni sani nesa ba kusa ba. Shekara shida ke nan, kuma na tabbata har in koma ga Mahaliccina ranar nan ba za ta fita daga raina ba.

Baba ya dawo wurina New York ne bayan rasuwar mahaifiyarmu. Ina zaune a unguwar Tompkinsville, ina aiki a ɗakin magani na wani asibiti, sai 'yan'uwa suka ga ni ya kamata in riƙe shi, tunda mantuwa ta fara kama shi, nan kuma ga likitoci a kusa. Mutum ne da ya yi shekara talatin da ɗoriya yana kula da injuna a wata masaƙa a Kaduna. Da Turawa ya yi aiki, Turancinsa ya fi nawa tsabta. Amma da ciwon ya yi nisa sai Turancin ya riƙa zubewa daga bakinsa. Duk abin da aka faɗa yana ji sarai, amsa ce dai ba ta fitowa sai da Hausa. Haka na zama bakinsa a asibiti, a kanti, a ko'ina.

Abubuwa da yawa sun ɓace masa. Ya sha tambayata ina Innarku ta shiga, ya sha kiran 'yata da sunan ƙanwarsa. Labari ɗaya ne bai taɓa kuskure ko kalma a cikinsa ba, shi ne na motarsa. Wata 'yar buɗaɗɗiyar mota ce ƙirar Ingila mai kujera biyu, da ya saya a hannun wani Bature injiniya da zai koma ƙasarsu. Kafin a haife ni ya rabu da ita, ya ce kujera biyu ba ta ɗaukar iyali, don haka ni ban taɓa ganinta ba. Amma na san yadda ya ɗauki Inna a cikinta zuwa Zariya suna sabon aure, iska ta fizge mata ɗankwali, ya tsaya ya bi shi da gudu cikin gonar dawa tana yi masa dariya. In ya zo wurin nan sai ya yi ta ƙyaƙyatawa har da hawaye, ko da kuwa karo na uku ke nan a wuni guda.

Ni kuwa ina da wani hali, Allah Ya shirye ni. In na duba abu sau biyu a waya, shi ke nan na zama malami, kowa ya kauce. Na shiga bincike, na ga motar da ake kira MGB, mai kujera biyu, ta zamanin da yake faɗa. Hotunanta ne birjik ko'ina. Na nuna masa a waya, ya ƙanƙance ido ya ce kamarta ce. Ni dai "ita ce" kunnena ya ji.

Da zafi ya shigo sai na ji labarin wasu dattawa da ke taruwa ranar Lahadi a wani filin ajiye motoci wajen Port Richmond, kowa ya fito da tsohuwar motarsa a sha kallo. Na je ni kaɗai, na sami wani dattijon Bature mai koriyar MGB, tana ƙyalli kamar yau ta fito daga kamfani. Na gaya masa halin da mahaifina ke ciki, na roƙe shi ya bar shi ya zauna a ciki ko na minti biyar. Mutumin kirki ne. Ya ce ba zama kaɗai ba, har zagaye zai kai shi.

Ranar da za mu je, Baba ya sa farin kaftani da hular da yake zuwa Juma'a da ita, ya fesa turare. Amma kafin mu fita sai da ya tambaye ni Inna sau uku, ya kuma nemi takalminsa alhali yana ƙafarsa. Na gaji, ba zan ɓoye ba. Wata takwas ina wannan fama, kuma a raina na ƙulla cewa yau zan ga fuskarsa ta washe, in ji cewa wahalata ba ta tafi a banza ba.

Da muka isa ya nufi motar a hankali, ya zagaye ta sau ɗaya. Ya shafa ƙofa, ya leƙa sitiyari, yana murmushi. Sai ya zo gaba ya ɗora tafin hannunsa a kan bonet, ya shafa daga gilashi zuwa hanci. Murmushin ya ragu.

"Babana," ya ce, don sunan mahaifinsa ne da ni, "ba ita ba ce. Gidansu ɗaya, amma wannan ƙanwar ce. Tawa tana da tozo a nan."

Na ce tozo kuma? Ya ce ƙwarai, tozo kamar na bijimi, da wani ɗan ƙullutu a gefensa saboda kafireta. Ya ce tayoyin tasa sun ɗara waɗannan girma, kanta kuma nauyi ne da shi, in za ka shiga kwana sai ka lallaɓa ta. Mai motar bai san me ake ciki ba, ya shiga ya tayar da ita don ya burge shi. Baba ya karkata kai ya saurara, kamar yadda na san yana yi tun muna yara in injin ya yi wani ƙara. Sai ya ɗaga yatsu huɗu, ya ce wannan filogi huɗu ce, tasa shida.

Raina ya ɓaci. Ga mutane sun fara matsowa, ga dattijon nan ya bar harkokinsa saboda mu, ga mahaifina yana zancen tozo a jikin mota. Na ce, "Baba, don Allah ka bari. Mota ce fa, ba bijimi ba. Ita ce wannan, na bincika."

Mai motar ya fito ya tambaye ni me dattijon yake cewa. Nan ne na yi abin da har yau in na tuna nake jin kunyar kaina. Da na fassara masa maganar yadda take, da magana ta ƙare a wurin. Amma sai na yi 'yar dariya, na ce masa da Turanci kada ya damu, ba shi da lafiya ne, abubuwa ne suke cakuɗe masa. Na manta, ko in ce na yi kamar na manta, cewa kunnen Baba bai rasa Turanci ba.

Ya janye hannunsa daga kan bonet. Ya sa hannun rigarsa ya goge inda ya taɓa, ya yi wa mutumin alamar godiya da kai, ya juya ya nufi motarmu. Na yi lallashin duniya ya zo ya zauna ko na minti ɗaya, ya ƙi. Har muka iso gida yana kallon waje ta taga, ni kuma ina tuƙi ina cika ina batsewa, wai ni aka watsa wa ƙasa a ido.

Ban tsaya nan ba. Ranar Laraba muna da ganin likitar ƙwaƙwalwa. Ta tambaye ni ko akwai sabon abu da na lura da shi. Na gyara zama na kwashe labarin duka na ba ta, yana zaune a gefena. Na ce yanzu ko motar da ya fi so a duniya bai gane ta ba, har ya fara ƙirƙiro mata siffofin da babu su. Ta rubuta a takarda. Na ga idonsa yana bin alƙalaminta.

A hanyar komawa, muna tsaye a danja, ya ce, "Na ji abin da ka gaya wa likita." Na fara kame-kame, ya ɗaga mini hannu. "A'a, ba komai. Kai ne mai lafiya. In ka ce babu tozo, to babu."

Daga ranar bai ƙara ba da labarin motar ba. Ba mantawa ya yi ba, na sani, domin wata rana 'yata ta zauna kusa da shi tana tsokanarsa da gurguwar Hausarta, ta ce Kaka ina ɗankwali ya faɗa. Ya dube ta ya ce ta tambayi babanta, shi ya sani. Ni a lokacin har wani sauƙi na ji, na ce an huta da maimaici. Ban lura ba cewa dariyarsa ma ta tafi tare da labarin. Ya koma mai yawan shiru, ko abinci aka tambaye shi me yake so sai ya waiwayo ya dube ni. Cikin sanyin shekarar Allah Ya karɓi abinsa. Muka kai shi makwancinsa a New Jersey, ƙanƙara ta rufe ko'ina.

Bayan wata huɗu Gwaggo, ƙanwarsa da ke Kaduna, tana kwashe kayan ɗakinsa ta ci karo da wasu tsofaffin hotuna a ƙasan akwati. Ta sa aka ɗauke su da waya aka turo mini. Ina wurin aiki na buɗe. Na uku a cikinsu Baba ne, saurayi siriri da baƙin tabarau, ya jingina da wata buɗaɗɗiyar mota, Inna tana zaune a ciki ta dafe ɗankwalinta. Na sa yatsu na buɗa hoton. A kan bonet ga tudu nan ya taso, faffaɗa, ga ɗan ƙullutun a gefensa. Sai da abokiyar aikina ta karɓi layin masu jiran magani, na shiga ciki na zauna.

Ranar Lahadin farko da dattawan nan suka dawo taruwa bayan sanyi na koma filin. Dattijon mai koriyar mota yana nan, ya gane ni, ya tambayi jikin mahaifina. Na gaya masa, ya cire hularsa. Sannan na miƙa masa wayar. Kallo ɗaya ya yi ya ce ai wannan MGC ce. Ya ce jikinsu ɗaya da tasa, daga nesa ba mai raba su, amma ita an sa mata babban inji mai filogi shida, da ya ƙi shiga ƙarƙashin bonet sai aka tayar masa da tudu. Ya ce tayoyinta sun fi girma, gabanta ya fi nauyi, shi ya sa take gardama a kwana. Ba a daɗe ana ƙera ta ba aka daina, don haka ko cikin masu son motoci ba kowa ya san ta ba. Ina tsaye ina jin maganar Baba tana fitowa daga bakin wani, ɗaya bayan ɗaya, babu wadda ta faɗi ƙasa.

Sai ya dube ni. "Abin da yake faɗa ke nan a ranar? Me ya sa ba ka gaya mini ba?"

Ya kama hannuna ya ja ni zuwa ƙarshen layi, wajen shingen waya. Wata jar mota ce a wurin, ta wani abokinsa, da tozonta da komai. Ya ce shekara da shekaru nan ne wurin ajiyarta, kuma ranar da muka zo ma tana nan. Daga inda Baba ya tsaya ya goge bonet da hannun rigarsa zuwa wurinta bai fi taku arba'in ba.

Mai ita ya ce in ina so in shiga in zauna. Na ce a'a, ba ni ya kamata in zauna a ciki ba. Na dai ɗora hannuna a kan tozon, rana ta gasa shi da zafi, na tsaya ina kuka a gaban mutanen da ban sani ba. Ya tayar da ita don in ji. Ni ko a lokacin kunnena bai iya bambance huɗu da shida ba.

Ciwon nan ya ƙwace wa mahaifina abubuwa da yawa, wannan ƙaddara ce, ba ni da yadda zan yi. Amma abu ɗayan da ciwon ya bar masa, wanda yake riƙe da shi yana sanin cewa har yanzu shi ne shi, ni na sa hannu na karɓe. Na koyi cewa don mutum ya manta abu goma ba shi ke nuna na sha ɗayan ma ƙarya ne ba, kuma wanda aka ba amanar zama bakin wani ba shi da ikon tace masa magana. Yanzu a wurin aiki, in wani ya kawo tsohonsa, tsohon ya yi magana da yarensu ɗan ya ce mini kada in damu da shi, sai in ajiye abin da ke hannuna. Nakan ce masa, "A'a, gaya mini abin da ya ce, yadda ya faɗe shi."